Kafin Ungurnu Ta Narke

Da sunan Allah nake ɗora alƙalami. Ban taɓa rubuta labari ba. Wasiƙa kaɗai na iya, ita ma sai na yaga biyu kafin ta uku ta fito. Wannan littafin ragowar na makaranta ne, shafi goma sha ɗaya suka rage, saboda haka in kun ga na yi gaggawa a wani wuri, takarda ce take kora ta. Don Allah kada ku yi mini dariya. Ba ni da wanda zan gaya wa, shi ya sa nake gaya muku, ku da ban san fuskokinku ba.

Sunana Meram, shekarata goma sha bakwai. A Nguru muke, bayan tashar jirgi. Mu uku ne a gidan: ni, da Baba, da Kaka mahaifiyarsa, wadda aka sa mini sunanta. Shi ya sa Baba ba ya kiran sunana, sai dai ya ce "Uwata." Mahaifiyata ta rasu ina aji biyu na elementare. Sa'o'ina duk an kai su ɗaki. In na je rijiya, ko dai yara na tarar, ko matan aure da suke katse hirarsu in na iso. Sai in dawo in zauna gindin darbejiya in karanta tsohuwar jaridar da aka ƙunso mana sabulu a ciki, har na haddace tallan da ke bayanta.

Babana, Malam Gaji, fatke ne na kanwa. Sau biyu a shekara yake jan ayarin jakuna da takarkarai zuwa ƙasar Manga, ta wajen Yusufari, kwana da kwanaki cikin rairayi, a sauka daga wannan tudu a hau wancan. Ya dawo da kanwar ungurnu da gishirin mangul, a loda wa jirgi zuwa Kano. Shi ne a gaba, mutum goma sha biyu suna bin sawunsa.

Tun ina ƙarama na san Baba da ƙwarnafi. In ya ci tuwo da miyar kifi mai yaji da mai, ya kishingiɗa a tabarma, sai ka ji ya yi gyatsa ya yamutsa fuska.

"Uwata, jiƙa mini."

Sai in ɓallo ungurnu kamar ƙwallon dabino, in jefa a ƙoƙo, in zuba ruwa. Ungurnu tana da tauri, ba ta narkewa da wuri, sai an jira kamar tsawon alwala da salla raka'a biyu. Zai zauna yana juya ta da yatsa. In ta narke ya shanye, ya yi gyatsa biyu manya, shi ke nan.

Amma tun da damina ta ɗauke, kiran ya canza lokaci. Da hantsi zai shigo daga tasha, bai ci komai ba sai koko, ya zauna a kan turmi ya ce in jiƙa. Ni kuwa ban kawo komai a raina ba. A gidanmu kanwa maganin komai ce, Kaka har a kunun jego take neman ta yi mata yawa.

To, bari in gaya muku maganar Kyari, duk da kunya nake ji.

Bara na raka Kaka Gashuwa neman maganin ido. Malamin asibitin, Kyari ke nan, ya miƙo kwalba, ni kuma ba tare da na sani ba na karanta rubutun jikinta a fili. Ya ɗago ya dube ni.

"Wa ya koya miki?"

Kaka ce ta ce, "Abin da ya hana ta auruwa ke nan, ɗan nan. Ita da takarda kamar gara."

Ya yi dariya, ni kuwa na so ƙasa ta buɗe. Bayan mako biyu Zainabu maƙwabciyarmu, wadda take zuwa Gashuwa saro bandar kifi, ta miƙo mini takarda daga ƙasan kwandonta. Har yau duk wasiƙun Kyari ƙarnin kifi suke yi, kuma wallahi ban taɓa jin ƙyamarsa ba. Ba ya iya daɗin baki. Zai rubuta cewa kogi ya janye, an kawo wani da maciji ya sara amma ya tashi, sa'an nan can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe: "Jiya na ga wata ta ɗaura kallabi irin naki, ruwan ganye, na zubar da rabin kwalbar maganin tari."

Kafin azumi baffansa Malam Dauda, wanda yake zaune a nan Nguru, ya zo da dattawa biyu. Suka kawo ƙwaryar goro da turare da turmin atamfa mai zanen tsuntsaye. Baba ya karɓa, ya ce bayan Salla za a tsayar da magana. Ranar na ji shi yana gaya wa Kaka, "Yaron yana da natsuwa." Kaka kuwa kullum sai ta buɗe atamfar ta kara a jikina.

"Takwara, ki riƙe wannan da hannu biyu. In ya kuɓuce, sai dai ki auri jaridarki."

Ranar tara ga azumi abin ya faru. Bana azumin a tsakiyar bazara ya faɗo, zafi har ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa. Bayan azahar ina tankaɗe, Baba ya shigo daga tasha. Jan ƙafa yake yi. Ya dunƙule hannunsa ya danna a tsakiyar ƙirji, gumi ya jiƙa wuyan rigarsa. Ya lallaɓa ya zauna a turmi.

"Jiƙa mini."

Sabo ya sa ya faɗa, sabo ya sa na tashi. Na miƙa masa ƙoƙon, ya sa yatsa yana juyawa, kansa a sunkuye. Can numfashinsa ya daidaita, ya saki hannun da ya dunƙule. Ya ɗaga ƙoƙon zai kai baki, sai Kaka ta yi salati daga ƙofar ɗaki.

"Gaji! Azumin fa?"

Ya ajiye da sauri yana istigfari. Sa'an nan ya shafa ƙirjinsa, ya yi dariya.

"Kun ga kanwata? Ganinta kaɗai ya kore shi."

Ya tashi garau ya shige ɗaki. Kaka ma dariya take yi. Ni kaɗai na tsaya ina kallon ƙoƙon. Ruwan yana nan cike, ungurnun ko rabi ba ta narke ba. Ko ɗigo bai shiga bakinsa ba. Kuma tun asuba babu abin da ya shiga cikinsa, to me zai taso masa?

Daga ranar na fara lura, ina yin ɗan layi a bayan littafin nan duk lokacin da ya zo masa. Cikin kwana takwas, layi biyar. Duk biyar ɗin ko tafiya ya yi, ko buhu ya ɗaga. Duk biyar ɗin zama ne ya raba shi da shi. Bayan buɗa-baki kuma, in ya cika ciki da ƙosai da kunun tsamiya ya kwanta, tsohon ƙwarnafinsa yakan zo. Amma wannan daban yake. Tafin hannu yake shafawa daga ciki zuwa maƙogwaro, yana tofar da yawu, yana mita a kan man Kaka. Na rana kuwa ba ya barinsa ya yi mita. Shiru yake sa shi.

Kwana biyu ina juya alƙalami. Yaya za a yi yarinya ta rubuta wa mai neman aurenta labarin jikin ubanta? Na rubuta dai, ban ko karanta ba na naɗe, na kai wa Zainabu.

Amsar ta zo ran Lahadi. Babu labarin kogi, babu ƙananan baƙaƙe.

"Meram, ni ba likita ba ne, amma na daɗe ina tsaye kusa da likita. Ƙwarnafi ƙuna ne. Yana bin abinci, yana ƙaruwa in an kwanta ko an sunkuya, yana kawo tsami a maƙogwaro, kanwa tana kwantar da shi. Ɗayan kuwa nauyi ne, kamar an ɗora wa mutum dutse ko an ɗaure ƙirjinsa da igiya. Wahala ce take kawo shi, hutu yake kore shi. Zuciya ce take neman jini ba ta samun isasshe. Ki tambaye shi ko yana sauka hannunsa na hagu, ko yana hawa haɓa. Mutum ɗaya yana iya samun duka biyun, shi ya sa ake ruɗewa. Likita zai zo Gashuwa ran Alhamis ta ƙarshen azumi, yana da abin sauraron ƙirji, akwai kuma ƙwayar da ake sawa a ƙarƙashin harshe. Ki kawo shi. In ya fara zuwa masa da ɗan motsi kaɗan, ko ya daɗe bai sake shi ba, abin ya matso. Ko me za a yi, kada ya hau rairayin Manga."

Ayari kuwa kwana uku bayan Salla zai tashi. Tuni an fara ɗinkin mangalolin jakuna a zaurenmu.

Da la'asar na sami Baba a inuwa yana gyaran igiya. Na durƙusa nesa kaɗan.

"Baba, in ya taso maka da rana, yana sauka hannunka?"

Ya tsaya da igiyar. "Wa ya gaya miki?"

"Na hagu?"

Sai na ga ya motsa yatsun hannun, kamar mai duba ko suna nan.

Na gaya masa komai. Na gaya masa ba kanwar ce take warkar da shi ba, zaman da yake yi yana jiran ta narke ne. Na nuna masa layukana biyar. Ya dube su duk da bai iya boko ba.

"Wato shekara talatin ina sayar da kanwa, yau ke za ki koya mini aikinta."

"Tana yi wa na dare, Baba. Na rana ne ba nata ba. Mu je asibitin nan na gari."

"In je in tsaya a layi a bakin hanyar tasha? Kafin magariba duk 'yan ayari sun ji Gaji ba shi da ƙirji. Wa zai bi marar lafiya cikin rairayi?"

"To Kano."

Ko kallona bai yi ba.

"To Gashuwa. Babu wanda ya san ka a can. Likita zai zo ran Alhamis."

Sai a lokacin ya gane inda na samo maganar. Na ga kunnuwansa sun motsa. Bai yi faɗa ba, da ya yi ma da ya fi mini sauƙi. A hankali ya ce:

"Wa yake tsayawa tsakanin likitan da marar lafiya?"

Na sunkuyar da kai. A asibitin Gashuwa, ban da likita, Kyari kaɗai ne yake jin Turanci. Shi yake cire wa marar lafiya riga, shi yake tambayarsa fitsari da bayan gida, shi yake juya wa likita.

"Uwata, na karɓi goron yaron nan. Surukina ne. In tuɓe a gabansa? Ya taɓa cikina, ya tambaye ni abin da ko uwata ba ta tambayata? Gobe da wane ido zan amsa gaisuwarsa?"

Na juya wajen Kaka, tana tsinkar zogale a bakin murhu, duk ta ji.

"Kaka, ki sa baki."

"In sa baki in ce me? Ko abinci ba a ci a gaban suruki, bare tsiraici. Ke takarda ta cinye miki kunya. Ƙwarnafi ne, ubansa ma da shi ya rayu."

"Shekara nawa ya yi?"

Ta jefe ni da karan zogale. Ni da ita mun san bai ga auren Baba ba.

Kwana biyu babu mai yi mini magana sai ta dole. Na yi wanki, na yi daka, na share zaure inda mangaloli suke ƙaruwa. In na rufe ido sai in ga tudun rairayi, da Baba a tsakiyarsa, ga mutum goma sha biyu a bayansa. Na san shi. Ba zai zauna ba. Ba zai taɓa cewa a tsaya don shi ba.

Ran Talata da hantsi ya ɗebo ruwa a rijiyar gida. Guga ɗaya tak. Bai kai ga turmi ba, a ƙasa ya zauna, ya jingina da randa. Leɓɓansa suka yi toka-toka. Kaka ta fito da gudu, zanenta a hannu, tana kiran sunan da take kiransa yana yaro. Ta ce in kawo kanwa, a karya azumin. Na kawo. Ta murƙushe ta da dutse don ta narke nan take, ta ɗura masa. Ya sha, ya yi gyatsa. Hannunsa bai bar ƙirjinsa ba. Muka yi ta kallonsa har inuwar randa ta matsa, sa'an nan ya buɗe ido sosai.

"Ya wuce," in ji shi. Muryar ba tasa ba ce.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Baba, na fasa."

Suka dube ni su biyu.

"Ba na son auren. A mayar musu da kayansu. In an mayar, ai ba surukinka ba ne, malamin asibiti ne kawai."

"Rufe mini baki," in ji Baba. "Kin san abin da kike faɗa? Dauda mutum ne mai zuciya. In kayan nan suka koma gidansa, ba zai sake tako ƙofar nan ba, ba kuma zai bar yaron ya tako ba."

"Na sani."

"Ban yarda ba."

Na yi tsammanin Kaka za ta rufe ni da faɗa. Ta daɗe tana kallon ɗanta a ƙasa, da jiƙaƙƙiyar rigarsa. Sa'an nan ta shiga ɗaki. Na ji ƙarar akwati. Ta fito da mayafinta na zuwa biki, ƙwarya a kai, atamfar a naɗe a sama, da sabon goro da ta saya don Salla a madadin wanda aka rarraba.

"Inna, ina za ki?" in ji Baba.

"Ni na haife ka, ba kai ka haife ni ba."

Da ta zo wucewa ta gabana ta tsaya. Na jira zolaya, ko zagi. Sai kawai ta gyara mini kallabina da ya zame, ta fita.

Na shiga bayan ɗaki na toshe bakina da zane, don kada Baba ya ji.

Ran Alhamis da sassafe muka hau motar kaya, ni da Baba. Na sa tsohon zanena na saƙi, ban sa kwalli ba. Aka ba shi gaba kusa da direba, ni ina baya a kan buhunan gero tare da mata masu zuwa kasuwa. Sau biyu motar tana kafewa a yashi, maza suna sauka turi. Ta tagar baya na ga Baba ya kama ƙofa zai sauka, ya daɗe a haka, sa'an nan ya saki. Tun daga Nguru har Gashuwa bai waiwayo ba.

Ban rubuta wa Kyari ba. Zainabu sai Asabar za ta tafi, kuma ko da tana nan, ban san da wace kalma zan fara ba.

Mun tarar da mutane a barandar asibitin, masu tari, masu ƙafa a naɗe. Kyari yana tsaye a ƙofa da farar rigarsa ta aiki, yana kiran suna. Da ya hango mu fuskarsa ta washe gaba ɗaya. Ya miƙa wa wani takardar hannunsa, ya sauko da sauri, ya sunkuya zai cire takalmi ya durƙusa.

"Bar su a ƙafarka, Malam," in ji Baba.

Kyari ya tsaya a sunkuye, takalmi ɗaya a hannu.

"Kayanku suna gidan Malam Dauda tun shekaranjiya. Marar lafiya ne ya zo maka yau."

Ya ɗago a hankali. Bai dubi Baba ba, ni ya duba. Na so in ce masa wani abu, ko da da ido ne. Sai na sami kaina ina kallon yatsun ƙafata, da ragowar lallen da ya kusa gogewa. Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba. Na dai ji ya mayar da takalmin.

"Bismilla, Malam Gaji. Ta nan."

Na zauna a ƙarshen benci. Ƙofar ba ta rufu sosai ba. Na ji motsin babbar riga ana cire ta, na ji Turancin likita, na ji muryar Kyari tana juyawa, a daidaice, babu rawa ko kaɗan. "Ja numfashi. Sake ja. In ya zo, ƙuna kake ji ko nauyi?" Sa'an nan Baba ya ce, "Nauyi." Karo na farko ke nan da na ji ya faɗa da bakinsa.

Wata tsohuwa kusa da ni ta tambaye ni ko ni amarya ce, me ya sa nake kuka da azumi a bakina. Na ce mata ƙurar mota ce.

Sun daɗe, har layin ya fara gunaguni. Can ƙofar ta buɗe. Kyari ya fito shi kaɗai, ya tsaya a bakin baranda. Ya san inda nake zaune, ba mu fi taku uku tsakani ba. Amma sama da kawunan mutane ya duba, ya ɗaga murya yadda yake yi wa kowa.

"Wacce ta kawo Malam Gaji ta shigo. Likita yana son magana da ita."